Katakon falet ko na tsohon gini: wanne ya cancanci a ɗora wa keke?

Wani ɗan'uwanmu ya ce ya gama koyon kafinta amma jari bai kai ya shiga 'Yan Katako ya sayi sabo ba, shi ya sa yake zagaya gari da keke bayan la'asar yana tsintar katako da tsofaffin kayan aiki. Yana tambayar inda ya fi dacewa ya sa ƙarfinsa: falet, wato dandamalin katako da ake jera kaya a kai, wanda ake yarwa a bayan sito da kamfanoni, ko katakon da ake fitarwa idan an rushe tsohon gida. Malam, ni dai na fi karkata ga na tsohon gini, amma kowanne da wurinsa.

A wajen ɗauka, falet ya yi nasara. Irin na Turai mai tambarin EUR tsawonsa santimita 120 ne, faɗinsa 80, nauyinsa kuma wajen kilo 25. Idan ka wargaza shi a wurin, allunan za su kwanta a kan kariya, ka ɗaure da robar tsohon tif ka hau abinka. Katakon rufi kuwa ƙafa 12 ake yanka shi, wato ya haura mita uku da rabi. Wannan ba a hawa keke da shi a cikin cunkoso. Sai dai ka ɗaure shi a jikin keken ta tsawo ka tura da ƙafa, ko ka tafi da zarto ka raba shi biyu tun a can, in dai aikin da ke ranka bai buƙaci dogo ba.

Sauƙin ɗaukan nan ne yake ruɗar masu farawa. Falet ɗaya na EUR ƙusa 78 ne a jikinsa, kuma ba irin ƙusar da muka saba ba ce, mai zobe-zobe ce da aka yi ta don kada ta fita. Ka sa ƙarfen cire ƙusa ka danna, allon ya tsage tun kafin ƙusar ta motsa. Dabarar da ta fi ita ce a zura zarton ƙarfe tsakanin allo da gungumen a yanke ƙusar, sannan a bugo kanta ta baya. Bayan duk wannan wahala, abin da ke hannunka allo ne mai kaurin milimita 22, galibi na itace mai laushi, kowane gefe da huda. Ya isa a yi kanta, akwatin kaya, kejin kaji ko ɗan benci na ƙofar shago. Gado ko ƙofa kam, a'a.

Yanzu dubi abin da ke fitowa daga gidan da aka gina shekaru arba'in ko hamsin da suka wuce. Firam ɗin ƙofa da na taga, ganyen ƙofa, wani lokacin har tsohon kabad da masu gida suka gaji da shi. A zamanin ana samun iroko da maɗaci da mansoniya cikin sauƙi, kuma da su ake irin wannan aiki. Ka kankare fentin da wuƙa kaɗan, sai ka ga jan itace mai jiki a matse, ka ƙwanƙwasa ka ji yana amsawa. Babban abin da ya fi sabon katakon kasuwa da shi shi ne bushewa. Ya sha hunturu da bazara da damina shekara da shekaru, duk murɗewar da zai yi ya riga ya yi ta. Teburin da aka haɗa da shi ba zai buɗe baki ba idan iskar hunturu ta kaɗa, abin da ɗanyen katako yake yi wa kafintoci kowace shekara har mai kaya ya dawo da ƙorafi.

Sai dai ba duk na gini ne abin ɗauka ba. Wanda aka tare kankare da shi wajen zuba dakin ya sha siminti, zai cinye bakin zarto da wuƙar filen, wato abin fere katako ya yi sumul, cikin ɗan lokaci. Katakon obece kuma, in ka ga ƙananan huda da gari yana zubowa kamar tankaɗe, ƙwari na ciki, bar shi a nan kada ka kai wa sauran katakonka cuta. Wanda gara ta ci daga ciki yakan yi kyau a ido, sai ka soka ƙusa ta nutse. Azarar giginya ta tsofaffin soraye tana da ƙarko sosai, amma zare-zare ce, ba ta karɓar gyara irin na kayan ɗaki.

Akwai kuma maganar lafiya, kuma a nan kowannensu da nasa haɗarin. Falet ɗin da ya ƙetare iyaka yana ɗauke da hatimin ISPM 15, ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta kashe ƙwarin katako wadda aka amince da ita a 2002. Idan ka ga HT, zafi aka yi masa, har cikinsa ya kai digiri 56 na tsawon minti 30. Idan MB ne, an turara shi da iskar guba ta kashe ƙwari wadda Tarayyar Turai ta hana amfani da ita tun 2010. Wannan kada a yi faifan yanka nama ko gadon jariri da shi, kada kuma a ba uwargida ta hura wuta. Ko mai HT ɗin ma, ka sansana: ba ka san ko taki ko maganin feshi ya zube a kansa ba. Na gini kuwa matsalarsa biyu ce. Tsohon fenti yakan ƙunshi dalma, kuma goge shi da sanfefa a bushe yana tayar da ƙurar da ke yi wa ƙwaƙwalwar yara illa. A jiƙa shi a kankare, a waje, da takunkumi a fuska. Katakon rufi kuma sau da yawa an shafe shi da baƙin mai saboda gara, don haka ya tsaya a aikin waje.

Game da kayan aiki, a wurin rusau da wajen 'yan gwangwan za ka dace, ba a bayan sito ba. Ka leƙa kasuwanni irin Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna ka nemi tsofaffin filen na kamfanonin Stanley da Record. Tsatsa ba ta hana komai, kwana ɗaya a ruwan khal ta saki. Abin dubawa shi ne tsagewa a gangar jikin, musamman kusa da bakin da wuƙa ke leƙowa. Mai tsaga da wuya ya gyaru.

Kafin ka taɓa ko sanda ɗaya, nemi mai gadi ko mai kula da aikin ka yi sallama ka tambaya. Falet mai shuɗin fenti na kamfanin CHEP ne, haya ake ba da shi, ko a bola ka gan shi yana da mai shi. A wurin rusau ma lebura sukan riga sun yi cinikin katakon da wani. Ka bar musu lambarka, ka riƙa ba da ɗan na goro, su za su kira ka ranar da za a cire ƙofofi. Ka kuma sa maganaɗisu a aljihu, ka bi kowane katako da shi kafin ya ga zarto, don tsohuwar ƙusa takan karye ta ɓuya a ciki.