Wake ko gyaɗa: wanne ya fi jure damanar da muke gani yanzu?

Ɗan'uwa, ka ce kana da gona hekta biyu a jigawa wajen Mayahi ta jihar Maradi, shekara da shekaru hatsi kawai kake zuba mata, ƙasa ta gaji, ƙuduji ya cika ta, ruwa kuma ya zo a makare ya ɗauke da wuri. Kana so ka ware rabi ka sa wake ko gyaɗa, kana tambayar wanne ya fi. Shawarata ita ce wake ya ɗauki babban kaso, gyaɗa ka ba ta ɗan gefe.

Mu fara da ruwa, tunda shi ne damuwarka. Gyaɗar da aka fi shukawa a wajenmu, 55-437, wadda manoma ke kira El Dakar, tana son kwana 90. Wake mai gaggawa irin IT90K-372-1-2 ko TN5-78 yana nuna cikin kwana 70 zuwa 75. Wannan tazarar ta mako biyu ko uku ita ce sau da yawa tsakanin wanda ya kai amfani gida da wanda ya tsaya yana kallon sama a watan Satumba. Kuma ba yawan kwanaki kaɗai ba ne. Gyaɗa in ta yi fure sai ta sako ɗan tsinke ya nutsa cikin ƙasa, a can 'ya'yan ke girma. In ƙasa ta bushe a daidai lokacin, tsinken ba ya shiga, wanda ya shiga kuma sai ka tono kwanso holoƙo. Wake saiwarsa tana nisa, yakan yi yaushi da rana ya farfaɗo da yamma, kuma ko ruwan shekara bai wuce milimita 300 ba yana iya barin maka wani abu. Amma ka lura, waken da nake nufi mai gaggawa ne. Na gargajiya mai yaɗo yakan jira ƙarshen damana kafin ya yi fure, in ruwa ya yanke sai ka tashi da harawa kawai.

Akwai wata illar farin ƙarshen damana da ba a cika faɗa ba. Gyaɗar da ta sha ƙishi da zafin ƙasa tana saurin kamuwa da fumfuna mai haifar da gubar aflatoksin, wadda ke cutar da hanta. Wannan gyaɗar ce za ta koma ƙuli-ƙuli da tunkuza a bakin yaranmu, shi ya sa abin ke damuna ƙwarai.

Dattawanmu sun ga wannan darasin da idonsu. Arzikin Maradi da gyaɗa ya tashi, har gwamnati ta kafa kamfanin SONARA a 1962 don cinikinta. Farin 1973 da 1974 ya durƙusar da ita, cutar kuturun gyaɗa, wadda darɓa (ƙananan ƙwari masu tsotsar ganye) ke yaɗawa, ta ƙarasa ta a 1975. Daga nan manoma suka karkata ga wake, yau ga Nijar ita ce ta biyu a duniya wajen nomansa, bayan Najeriya.

Sai dai wake ma yana da nasa ciwon, kuma babba ne: ƙwari. Darɓa tana kama shi yana ƙarami, ƙananan ƙwari su kaɗe fure, tsutsa ta huda kwanso. Wanda ya shuka wake zalla bai shirya feshi ba, gona za ta yi kore shar, ya zo roro bai samu komai ba. Feshi biyu ko uku, daga fitowar fure zuwa ɗaurin 'ya'ya, ba makawa; in kuɗi sun yi kaɗan, ruwan dakakkun 'ya'yan dogon yaro yana ragewa. Bayan girbi kuma ƙwaro na jira a rumbu. Wannan an sami maganinsa: buhun PICS mai ninki uku, leda biyu a ciki da buhu a waje, wanda masu bincike na INRAN, cibiyar binciken noma ta Nijar, a nan Maradi suka yi aikinsa tare da jami'ar Purdue ta Amurka. Ka shanya wake ya bushe sosai, ka matse iska, ka ɗaure kowace leda daban, ƙwaron zai mutu don rashin numfashi ba tare da ka zuba ko ɗigon guba ba. Don Allah a bar zuba maganin da ba a san asalinsa ba a cikin abin da mutane za su ci. A ajiya gyaɗa ta fi sauƙi, in ka bar ta cikin kwansonta a busasshen wuri.

Abin da ya sa na fifita wake ke nan: ƙwari kana iya yi musu shiri tun kafin shuka, yankewar ruwa kuwa ba ka da yadda za ka yi da ita.

Batun gyaran ƙasa, dukansu biyu suna da ƙulle-ƙulle a saiwa masu jawo sinadarin naitirojin daga iska, kuma dukansu suna yaudarar irin ƙudujin hatsi ya tsiro ya mutu don bai sami saiwar da zai kama ba. Bambancin yana wurin girbi. Gyaɗa tumɓuke ta ake yi har saiwa, a kwashe harawa, a bar ƙasa a tone tsirara ga iskar hunturu da guguwar bazara. A jigawa irin taka wannan ba ƙaramar asara ba ce. Wake in ka yanke shi daga sama ka bar saiwar a ƙasa, hatsin baɗi zai gaya maka. Kada ka maimaita wake wuri ɗaya kowace shekara, domin yana da nasa ƙudujin dabam da na hatsi. Bana wake, baɗi hatsi.

Wajen kuɗin iri ma wake ya fi sauƙi: kilo 20 ko kusa da haka ya ishi hekta, gyaɗa kuwa ɓararriya sai ka ninka haka kamar sau uku. In shukar farko ta ƙone, wa zai iya sake sayen irin gyaɗa a watan Yuli?

Duk da haka ban ce ka yar da gyaɗa ba. Ita ce jarin mata a gida: mai, ƙuli-ƙuli, tunkuzar miya, kuɗin da ke shigowa kowace ranar kasuwa. Harawarta kuma masu kiwon ragon layya suna rububinta. Ka duba inda gonar ta ɗan yi kwari take riƙe laima, ka sa ta can da ruwan shuka na farko mai kyau. Da a ce gonarka tana kudu, wajen Madarunfa ko Gabi inda ruwa ya fi yawa, da na ce ka raba daidai. Waken suya kuwa kada ka fara a Mayahi, ruwan da yake so ya fi wanda kuke samu. In uwargida tana da gamana, wato 'yar gonarta ta kanta, a wurin da ya fi tsiyacewa, kwaruru ya fi su duka haƙuri da mataccen rairayi.

Iri ka neme shi tun bazara wurin ma'aikatan gidan gona ko masu sayar da iri da aka tantance, kada ka ɗebo na kasuwa wanda ba ka san kwanakinsa ba. Ƙasarmu tana da ƙarancin fosforas, saboda haka ɗan takin supa ko takin gida a lokacin shuka ya fi musu amfani a kan yuriya. Bayan wata guda da shuka ka tumɓuke tushe ɗaya, ka fasa ƙullin saiwar da farce: in ka ga cikinsa ja-ja, yana aiki; in fari ne ko babu ƙullin, ka ƙara takin gida a wurin kafin damana mai zuwa.