Sharhi Kan Ƙodar Alade Ta Kamfanin eGenesis

Kamfanin eGenesis da ke jihar Massachusetts ta Amurka yana cikin kamfanonin da suka fi nisa wajen samar da ƙodar alade wadda aka sauya wa ƙwayoyin halitta domin a dasa wa ɗan Adam. Har yanzu ba ta shiga kasuwa ba, gwajinta ake yi ƙarƙashin sa idon hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, wato FDA, amma an riga an dasa wa wasu marasa lafiya, kuma abin da ya faru da su ya isa a auna ta kamar yadda ake auna kowace haja.

Ana cire ƙodar ne daga wani ƙaramin nau'in alade mai suna Yucatan, saboda girman gaɓoɓinsa ya yi kusa da na mutum, kuma an yi masa gyara har guda 69. Uku daga ciki sun kawar da wasu sinadarai da garkuwar jikin mutum ke far wa nan take, bakwai ƙwayoyin halittar mutum ne da aka ƙara domin rage kumburi da daskarewar jini, sauran 59 kuwa sun kashe ƙwayoyin cutar da alade ke gada tun daga kakanninsa. A ganina wannan kashi na ƙarshe ne ya fifita ta a kan ƙodar kamfanin Revivicor mai gyara 10, domin tsoron cutar dabba ba zancen banza ba ne. An samu wata ƙwayar cutar alade, ko da yake ta wani jinsi dabam ce, a zuciyar aladen da aka dasa wa David Bennett a Maryland cikin Janairun 2022, wanda ya rasu bayan wata biyu.

Richard Slayman, mai shekara 62, shi ne mai rai na farko da ya karɓi wannan ƙoda a asibitin Massachusetts General cikin Maris na 2024. Ya rasu bayan kusan wata biyu, sai dai likitocinsa sun ce babu alamar dashen ne ya jawo. Labarin Tim Andrews na jihar New Hampshire ya fi nuna ƙimar hajar. An yi masa aikin ranar 25 ga Janairun 2025, bayan wankin ƙoda ya raunana shi har yana zama a keken guragu. Duk wanda ya taɓa raka majinyaci ɗakin wankin ƙoda ya san wahalar: sau uku a mako, awa huɗu ana kwance jikin na'ura, ruwan sha ma sai an auna, sannan a fito jiki a mace. Andrews ya rabu da wannan, ya koma tafiya da ƙafarsa, har aka gayyace shi ya jefa ƙwallon buɗe wasa a filin Fenway Park na birnin Boston. Ƙodar ta yi aiki kwana 271, daga bisani ƙarfinta ya ragu, aka cire ta a watan Oktoba, ya koma kan na'ura. Ta Revivicor da aka dasa wa Towana Looney a New York kwana 130 ta yi.

Aibin hajar a fili yake. Ƙodar mutum, musamman wadda ɗan'uwa mai rai ya bayar, takan wuce shekara goma tana aiki, ita kuwa wannan da watanni ake ƙirga ta. Haka kuma dole majinyaci ya riƙa shan magungunan danne garkuwar jiki masu ƙarfi, ciki har da wanda shi kansa gwajinsa ake yi, kuma da zarar wata cuta ta kama shi aka rage maganin, sai jiki ya juya wa ƙodar baya, kamar yadda ya faru da Looney.

Mai karatu Musulmi zai tambayi hukuncinta, kuma malamai da dama sun gina amsarsu a kan ƙa'idar cewa larura tana halatta abin da aka hana, muddin babu wata mafita. Wannan sharaɗi yana da nauyi a wurinmu, domin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yana dashen ƙodar mutum tun 2002, kuma abin da ya fi hana majinyatanmu samun sa shi ne kuɗin aiki da na magani.

Hukuncina shi ne, ga wanda ya daɗe a jerin masu jira a Amurka, inda kimanin mutum 90,000 ke jiran ƙoda, kuma shekarunsa ko yanayin jininsa suka sa da wuya ya samu ta mutum, wata tara ba tare da na'ura ba riba ce da ta cancanci kasadar. Ga wanda yake da ɗan'uwan da zai ba shi tasa kuwa, babu dalilin waiwayar wannan haja a halin da take ciki yanzu.