Talabijin mai sola da na saya wa iyalina

Ƙauyenmu a ƙasar Ringim ba mu da wutar lantarki, don haka da na sayar da riɗina bara sai na sayo talabijin mai aiki da sola, haɗe da faranti da batir da dish. Hotonta garau, sautinta kuma ya ishi tsakar gida. Idan an wuni da rana, batirin yana kaiwa daga magariba har tsakar dare. Da damina kam ranar hadari da wuri yake mutuwa, lokacin hazo kuma sai ana goge farantin kullum.

Ba don sha'awa na saya ba. Yarana ne suke sulalewa kallo gidajen mutane bayan isha'i, har da 'yata mai shekara 14. Hankalina bai taɓa kwanciya da wannan fitar ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne makullin tashoshi mai lambar sirri. Na bar Arewa24 da tashoshin karatu da na labarai, na rufe waɗanda ban yarda da su ba. Mutane su sani, Hukumar Tace Fina-finai ta Kano da aka kafa a 2001 fina-finan gida take dubawa. Abin da dish ke saukowa da shi daga ƙasashen waje bai bi ta hannunta ba. Aibin na'urar ɗaya ne, kuma babba: makullin bai shafi ramin filash ba. Yaro ya je wurin masu tura fina-finai a kasuwa, ya dawo ya soka, shi ke nan.

Kwanan baya wata yarinya ta yi ciki a yankinmu, ba aure. Kowa ya ce kallo ne ya lalata ta. Na yarda kallo yana koya wa yaro abin da bai kai ba. Amma wa ya ɗora mata talla har dare? Wa ya bar ta zance a lungu cikin duhu, ba ƙane ba ƙanwa a kusa? Wanda ya yi mata cikin yana yawonsa, ita aka cire daga makaranta. Abin yana ci mini rai. Ƙugun yarinya ƙarama bai gama ƙwari ba, doguwar naƙuda kan jawo yoyon fitsari. Duk wanda ya taɓa leƙa asibitin Jahun, inda likitocin ƙungiyar agaji ta duniya MSF ke aikin nan tun 2008, ya ga abin da nake faɗa.

Ni a tsakar gida na kafa tawa talabijin ɗin, ba a ɗaki ba. Rimot yana hannun uwargida, kuma tare muke zama mu kalla. In an nuno abin da bai dace ba, ita takan ja 'yarta gefe su yi magana irin ta uwa da 'ya.

Mai niyyar saye, ka nemi babban batir, kuma kada ka biya mai haɗawa sai ya koya maka sa makullin da hannunka.