Bikin Fringe na Edinburgh: wasannin da suka ci kuɗinsu da wuraren jin kiɗa

Bikin fasaha na Fringe da ake yi a Edinburgh, babban birnin Scotland, yana ɗaukar kimanin makonni uku na watan Agusta. A shekarar 2019 kaɗai an gabatar da wasanni fiye da 3,800 a wurare sama da 300, aka kuma sayar da tikiti fiye da miliyan 3. Baƙon da ya buɗe kundin jerin wasannin sai ya rasa ta inda zai fara, domin babu wani kwamiti da ya tace masa komai. Haka bikin yake tun asali. A 1947 wasu ƙungiyoyin wasan kwaikwayo takwas, waɗanda ba a gayyace su zuwa babban bikin ƙasa da ƙasa na birnin ba, suka zo da ƙafarsu, suka nemi ɗakuna a gefe, suka yi wasansu. Ƙungiyar da ke kula da bikin, wadda aka kafa a 1958, tana buga jerin wasanni, tana sayar da tikiti, tana tsara wasannin titi, amma ba ta hana kowa shiga. Duk wanda ya biya kuɗin rajista kuma ya sami ɗakin da zai karɓe shi, ya shiga ke nan, shi ya sa ake samun gwani da ɗan koyo a shafi ɗaya.

Wannan shi ne daɗin bikin, kuma daga nan ne baƙo ke yin asarar kuɗi. Manyan masu wurare guda huɗu, wato Assembly da Pleasance da Underbelly da Gilded Balloon, su ne ke da manyan hotunan talla da sanannun 'yan barkwanci, kuma a tsari ba su da abin kushewa: ana farawa a kan lokaci, ana jin murya sarai, ma'aikata sun san aikinsu. Sai dai barkwancin Birtaniya ya dogara ƙwarai a kan siyasar cikin gida da karin harshe, ta yadda wanda ya ji Turanci sosai ma yana iya zama awa guda yana kallon jama'a suna ƙyalƙyala dariya, shi kuwa bai kama inda aka dosa ba. Taurarin yabo da masu sharhin wasanni ke bayarwa, waɗanda ake mannawa a jikin hotunan talla, su ma sai an yi musu kallon tsanaki, domin masu ba da su suna da yawa, kuma ba duka ne ra'ayinsu ke da nauyi ba. Mai son wasan kwaikwayo na gaske gara ya nufi Traverse, gidan wasan da aka kafa a 1963 don sababbin rubuce-rubuce, ko ya duba wasannin da suka sami lambar Fringe First, wadda jaridar The Scotsman ke bayarwa tun 1973.

A ganina, kiɗa da waƙa su ne suka fi cin kuɗinsu a wannan biki, musamman ga wanda ya zo daga nesa, tun da kunne ba ya neman tafinta. Mawaƙan Soweto Gospel Choir na Afirka ta Kudu, waɗanda suka yi fice a bikin a 2003 kuma suka riƙa komawa, misali ne na wasan da za a saya wa tikiti ido rufe idan suna cikin jerin shekarar. Haka ma makaɗan manyan gangunan Japan, waɗanda dukansu ke girgiza kujerar da mutum yake zaune a kai. Majami'u da dama na birnin suna buɗe ƙofa don kiɗan rana, wasu kyauta, kuma tsofaffin gine-ginen dutsen nan suna ɗaukar murya ba tare da lasifika ba.

Kiɗan gargajiyar Scotland kuwa yana da wurarensa na musamman, kamar Sandy Bell's a titin Forrest da Royal Oak a titin Infirmary, inda ake yinsa duk shekara, ko da biki ko babu. A Sandy Bell's babu dandamali, babu tikiti. Makaɗan suna zaune a can ƙuryar ɗaki sun kewaye tebur, da masu gogen Turawa da mai jita da mai sarewa, sai ɗaya ya ɗauko wani take a hankali, kafin ya kai rabi sauran sun kama, ƙafafu suna buga ƙasa tare, kuma idan za a juya zuwa wani taken da ido ko ɗaga kai kawai ake sanar da juna. Wanda ya zo da kayan kiɗansa ana maraba da shi, amma akwai ladabi: ya fara sallama da neman izini, kada ya sa hannu a taken da bai sani ba, kuma idan wani ya tashi waƙa da baki kawai, kowa shiru yake yi har ya dire. Dole a faɗa cewa waɗannan wurare mashaya ce, ƙanana ne, suna cika maƙil da dare, don haka wanda ba ya shiga irinsu sai ya tsaya ga majami'u da zauruka da titi.

Titin da ake nufi shi ne Royal Mile, wanda ake rufe wani ɓangarensa ga motoci. Masu wasan titi suna rajista da ƙungiyar bikin, kuma da ƙuri'ar da ake jefawa da safe ake raba wa manyansu wuri da lokaci, don haka babu mai gadon wuri. A kusurwoyin birnin kuma ba a rasa mai busa irin ta Scotland, wadda amonta ya yi kama da na algaita, sai dai inda mai algaita ke tara iska a kumatu, shi a jakar da ke hammatarsa yake tarawa. A wannan titin ne kuma 'yan wasa ke tare mutane da takardun talla, kuma sau da yawa wanda ya miƙo takardar shi ne zai hau dandamali anjima. Yana da kyau a tsaya a ji ta bakinsa, domin wanda ya iya bayyana wasansa cikin minti guda, da wuya ya ɓata wa mutum awa.

Akwai kuma wasannin kyauta, waɗanda Peter Buckley Hill ya assasa tsarinsu a 1996: ɗan wasa ba ya biyan hayar ɗaki, mai kallo ba ya sayen tikiti, sai dai a ƙarshe ana riƙe bokiti a ƙofa kowa ya jefa abin da ya ga wasan ya cancanta. A nan na ga wasu daga cikin makaɗan da suka fi burge ni, a nan kuma na gamu da ɗakin da ya fi muni, wani ɗakin ƙarƙashin ƙasa marar taga, inda zafi da hayaniyar da ke saukowa daga sama suka cinye muryar mawaƙiya duk da ƙoƙarinta. Wanda ya ji daɗi ya kamata ya buɗe hannu, domin yawancin waɗannan mutane da aljihunsu suka zo, kuma tsadar masauki a Agusta ta sa da yawansu ke komawa gida da bashi.

Wannan tsadar tana shafar baƙo ma, saboda haka a nemi ɗaki tun watanni kafin lokacin. Tikiti ya fi araha a kwanakin farko na gwaji, akwai kuma Litinin da Talata na farko da ake sayar da biyu a kuɗin ɗaya a wasanni da yawa. A bar tazara mai kyau tsakanin wasa da wasa, domin birnin tudu ne da gangare, ruwan sama ba ya sallama, kuma wurare da dama ba sa buɗe wa wanda ya makara. Babban masallacin birnin yana Potterrow, 'yan taku kaɗan daga dandalin Bristo da na George inda manyan wuraren wasa suke, kuma a kewayensa ana samun abincin halal mai sauƙin kuɗi.