Hasken leza da zurfin ƙuna: abin da ake aiki da shi a Ingila, Holan da Jamus

Assalamu alaikum, 'yan'uwa likitoci da ma'aikatan jinya masu kula da waɗanda wuta ko ruwan zafi ya ƙona. Tambayar da aka fi aiko mana daga gida ita ce ko da gaske ne a Turai ana haska miki da leza a gane zurfin ƙuna ba tare da an yanki tsoka ba. Da gaske ne. Sai dai na'urorin ba iri ɗaya ba ne, ko da yake dillalai sukan zuba su a buhu guda. Akwai mai auna gudun jini, akwai mai karanta sinadaran fata, kuma ta farkon ce ke aiki a bakin gadon majinyaci a yau.

Ƙunar da ta tsaya a sama da wadda ta cinye fata kaf ba sa wahalar da kowa. Ta tsaka-tsaki ce ke yaudarar ido, har ƙwararren likitan tiyata ba ya wuce dacewa a kashi 60 zuwa 75 cikin 100 idan da kallo kawai ya yi hukunci. Kuskuren kuwa ta kowane ɓangare ciwo ne. Mikin da ya haura kwana 21 bai rufe ba yakan bar tabo mai tudu, abin da ya fi addabar masu baƙar fata. Wanda aka yi wa dashen fata alhali da zai warke da kansa, an buɗe masa miki na biyu a cinya a banza.

A Ingila abin da aka dogara da shi shi ne hoton leza na Doppler. Kamfanin Moor Instruments da ke yankin Devon ne ke ƙera wadda ta fi shahara, moorLDI2-BI, kuma NICE, hukumar da ke tantance magunguna da kayan asibiti a Ingila, ta ba da shawarar amfani da ita a 2011. Siririn haske ne ke share miki layi-layi daga nesa, ba a taɓa majinyaci. Hasken da ya bugi jajayen ƙwayoyin jini masu tafiya yakan dawo da ɗan sauyi a zangonsa, sai kwamfuta ta mayar da sauyin taswira mai launi. Ja na nufin jini na gudu sosai, mikin zai rufe cikin kwana 14. Rawaya na nufin tsakanin kwana 14 da 21. Shuɗi na nufin zai wuce kwana 21, a fara shirin tiyata. Bincike da dama sun nuna dacewarta ta haura kashi 90 idan an bi ƙa'ida.

Ƙa'idar ce ake yawan karyawa, kuma babbarta lokaci. Ana ɗaukar hoton ne daga awa 48 zuwa kwana 5 bayan ƙunar. Tun 1953 Douglas Jackson na Birmingham ya bayyana cewa tsakanin tsokar da ta mutu da wadda ta yi ja akwai wani zobe da jini ke tafiyar hawainiya a cikinsa, wanda zai iya farfaɗowa ko ya mutu cikin kwana biyu zuwa uku. Hoton ranar farko ba zai faɗa maka makomar wannan zobe ba. Bayan kwana 5 kuma sabuwar tsoka mai yalwar jini takan fara tsirowa, ta sa miki mai zurfi ya fito ja. Kafin a haska, a fasa bororo a cire matacciyar fata, a wanke man ƙuna mai sinadarin azurfa tas, domin duk abin da ya tare haske shuɗi zai nuna. Majinyacin da sanyi ya kama, ko wanda ake ba shi maganin matse jijiyoyi, jininsa ya janye daga fata, hotonsa zai fi gaskiyar mikinsa muni. Miki mai ƙwayar cuta akasin haka yake yi. Gefen hannu ko ƙafa inda jiki ya lanƙwasa yakan rage alama, sai a juya a sake ɗauka. Motsi ma yana ɓata hoto, shi ya sa aka ƙera samfurin da ke share wuri cikin daƙiƙoƙi kaɗan saboda yara. Tabarau na kare ido wajibi ne ga majinyaci idan ƙunar na kusa da fuska.

A Holan cibiyoyin ƙuna uku ne, a Beverwijk da Rotterdam da Groningen, akwai kuma kamfanin RiverD a Rotterdam, mai ƙera na'urar karanta sinadaran fata da ke aiki da hanyar Raman. C. V. Raman ne ya gano tushenta a Indiya a 1928: cikin miliyoyin ƙwayoyin haske da suka bugi abu, ƙalilan ne ke dawowa da sauyin launi, kuma sauyin ya danganta da sinadarin da suka taɓa. Idan aka tsefe hasken da ya dawo, sai a ga tsaunuka a kan jadawali, kowanne da lambar matsayinsa. Na lamba 1003 na wani tubalin furotin ne, na 1450 na kitse da furotin, na wajen 1655 yana nuna yadda furotin ya naɗe, na 855 da 938 alamun kolajin ne, wato furotin da ke ba fata ƙarfi, ruwa kuma yana can sama da 3000. Na'urar RiverD tana amfani da leza mai tsawon zango nanomita 785 don sinadarai, da mai 671 don ruwa. Ana ɗora dantse a kan ƙaramar taga, ana nutsa hasken maikuromita biyu-biyu (maikuromita dubu ne milimita ɗaya), a ga yadda ruwa ke hawa daga wajen kashi 30 a saman fata zuwa kusan 70 a rayayyen sashe. Ga mai nazarin bushewar fata ko shigar man shafawa, ban san abin da ya kai ta ba.

Ga ƙuna kuwa labarin ya bambanta. Zafi na warware naɗin kolajin, kuma Raman na ganin hakan sarai a ɗakin gwaji, galibi a fatar alade. Amma idonta bai wuce kashi ɗaya ko biyu cikin goma na milimita ba, alhali hukuncin ƙuna yana can ƙasa, a zurfin milimita ɗaya zuwa uku inda saiwar gashi da jakar gumi suke, waɗanda daga gare su sabuwar fata ke tsirowa. Ɗigon wuri ɗaya take karantawa a lokaci guda, kuma sai ta taɓa miki. An ƙirƙiro dabarar ɗaukar haske daga gefen inda leza ta sauka don a leƙa zurfi, a ɗakin bincike na Rutherford Appleton da ke Ingila a 2005, amma har yanzu ba ta zama kayan ɗakin jinyar ƙuna ba.

Sai matsalar da ta fi damuna. Melanin, sinadarin da ke ba fata duhu, yana shanye leza ya fitar da nasa ƙyallin, wanda ke binne tsaunukan Raman, yana kuma ɗumama wurin. Leza mai nanomita 1064 tana rage wannan, amma alamarta ta fi rauni, kuma tana bukatar na'urar karɓa ta daban mai tsada. Hoton Doppler ya fi sauƙi a nan, tunda ƙuna kan tafi da sashen da melanin yake, sai dai lafiyayyar baƙar fata da ke gefen miki za ta nuna ƙasa da gaskiya, don haka kada a ɗauke ta ma'auni.

Jamus na sayar da kyamarar TIVITA. Ba leza ba ce, farin haske ne ake tsefewa daga nanomita 500 zuwa 1000, ta ba da taswirar iskar oksijin da jini da ruwan tsoka cikin daƙiƙoƙi. Ta fi sauƙin turawa ɗaki-ɗaki, amma shaidarta a ƙuna ba ta kai ta Doppler yawa ba, kuma hasken fitilar ɗaki na gurɓata ta.

Bambancin Ingila ba a na'urar kawai yake ba. Asibitocin ƙuna an jera su mataki uku bisa girman rauni, majinyacin NHS, wato tsarin kiwon lafiya na gwamnati, ba ya biyan kuɗin hoton, kuma akwai ma'aikatan da aka horar musamman su ɗauka su fassara. Ana kuma gwada na'urar Doppler a kai a kai da wani ruwa mai ɗauke da ƙananan ƙwayoyin roba da aka san motsinsu. Duk wanda zai saya ya sa wannan ruwan gwaji, da horon ma'aikata, da zuwan mai gyara cikin yarjejeniya, ya kuma nemi dillali ya nuna masa hotunan da aka ɗauka a kan baƙar fata tare da ranar da kowane miki ya rufe.