MODX ko Krome: wanne ya fi sauƙin haɗa sauti da raba fiyano?

Wani ɗan'uwa mai kiɗa a wurin biki da situdiyo ya tambaya: tsakanin Yamaha MODX da Korg Krome, kayan kiɗa biyu masu maɓallai irin na fiyano, wanne zai saya? Yana so ya sa bes (sautin ƙasa mai kauri) a hannun hagu, sautin fiyano da sitirin (sautin kayan tsirkiya irin goge) a dama, ya adana, gobe ya kunna ya tarar da abinsa yadda ya bari. Ya ce ya gwada a Krome ɗin abokinsa, amma sautin da ke da daɗi shi kaɗai, da ya shiga haɗi sai ya bushe.

Ɗan'uwa, abin da ka ji ba lalacewa ba ce, haka aka gina Krome. Sauti ɗaya a Korg shi ake kira Program, haɗi kuma Combination, mai gurbi 16 da ake kira Timbre. To, shi Timbre aro yake yi: lambar Program kawai yake riƙewa, ya je ya ɗauko sautin tsirara, ba tare da ifek ɗinsa ba, wato adon da ake yi wa sauti kamar amsa-kuwwa. Ifek ɗin haɗin duka biyar ne na IFX (waɗanda ake bi da sauti ta cikinsu kai tsaye), biyu na MFX (waɗanda duk sautuka ke iya sha tare), ɗaya na TFX (wanda ke hawa kan haɗin baki ɗaya), kuma dukkan gurabun nan 16 su za su raba. Shi ya sa fiyanon ya bushe. Maganinsa, ka buɗe menu na kusurwar sama ta dama, ka zaɓi Copy from Program, ka sa alama a IFX da MFX, ka nuna Timbre ɗin da za a zuba shi. Da sautin da ya fi muhimmanci za ka fara. In ka sake kwafo na biyu tare da MFX, zai hau kan na farko ya share shi. Don haka sauran sautukan da hannu ake bi da su: a shafin Routing ka tura kowanne zuwa IFX ɗin da ya rage, ko ka bar shi a L/R ka ɗaga masa Send1 da Send2 ya sha daga amsa-kuwwar da fiyano ke sha.

MODX, wanda ya fito a 2018, shekara shida bayan Krome, bai raba abin gida biyu ba. Komai Performance ne, mai Part har 16, takwas daga ciki kana iya buga su a lokaci ɗaya. Ka taɓa alamar + a gurbin da ba kowa, ka zaɓi sitirin, sai a kwafo shi gaba ɗaya cikin Performance ɗinka, haɗe da ifek ɗinsa biyu, Insertion A da B. Abin da ba ya biyo shi shi ne nau'in Reverb da Variation, waɗannan na gidan da ya shiga ne. Ka kula da kalar suna wajen zaɓi: kore Part ɗaya ne, shuɗi Part da yawa. CFX Concert kaɗai yana cin Part huɗu, rabin abin da hannunka zai iya bugawa ke nan. Don haɗi, CFX Stage ya fi dacewa.

Wannan bambanci na aro da kwafi yana da wani gefe da mutane ba sa lura sai ya cije su. A Krome, in ka gyara Program ɗin fiyano ka adana a lambarsa ta asali, duk Combination ɗin da ke aron wannan lamba ya canza, har waɗanda ka manta da su. In kuma ka loda fayil ɗin PCG (fayil ɗin da Korg ke adana sautuka a ciki) na wani a kan jerin sautukanka, haɗinka zai nuna lambar da ya saba nunawa, amma ganga ce yanzu a wurin da sitirin yake. A MODX gyaran da ka yi cikin Performance ɗaya ba ya taɓa wani. Kwanciyar hankali ce, sai dai in fiyano ɗaya ka sa a haɗi ashirin kuma kana so ka rage masa kaifi, sau ashirin za ka yi aikin. Mai Krome sau ɗaya zai yi.

Raba maɓallai kusan iri ɗaya ne. A Krome shafin Key Zone ne, da Top Key da Bottom Key. A MODX, Note Limit. Amma ga tarko: C ta tsakiya, wato maɓallin C da ke tsakiyar fiyano, Yamaha na kiranta C3, Korg na kiranta C4. In kana so bes ya tsaya dab da ita, B2 ne a MODX, B3 a Krome. Wanda ya kwafi lamba daga wannan zuwa wancan zai ga iyakar ta kauce da okteb guda, wato maɓallai 12. Gara ma kada ka rubuta lamba: a Krome ka danne ENTER ka buga maɓallin, a MODX ka kunna Keyboard a allo ka buga. In bes ya yi sama da yawa, sauke shi da -12, a Transpose na Timbre ko Note Shift na Part. In kuma Timbre ya yi shiru a Krome, duba biyu kafin komai: Status ya zama INT, tashar MIDI ta zama Gch.

Sai feda, wadda ake takawa don sauti ya ci gaba bayan an saki maɓalli. Kashe wa bes ita, in ba haka ba ƙasan zai dagule kamar kunu: Enable Damper a MIDI Filter na Krome, Sustain a Receive SW na MODX. Sitirin ma sau da yawa gara a cire masa, saboda lissafin muryoyi, wato yawan sautin da na'urar ke iya fitarwa a lokaci ɗaya. Krome na da 120. Program mai osileta (tushen sauti) biyu yana cin aƙalla biyu a kowane maɓalli, fiyano da sitirin sun zama huɗu, ka danna maɓalli shida ya zama 24, ka riƙe feda ka bi kod (maɓallan da ake danna tare) biyar, an cinye 120, sai ka ji sauti na yankewa. MODX injin sauti biyu gare shi: yana da 128 a ɓangaren AWM2, da wasu 64 daban na FM-X, don haka in ka ɗauko fad (sauti mai laushi da ake shimfiɗawa a baya) daga FM-X ba ya taɓa rabon fiyano. Fedar Yamaha da ta Korg kuwa a juye suke da juna. In ka sa ta wani kamfani sautin ya maƙale har sai ka taka, Krome na da Damper Polarity a Global da zai gyara. Ga MODX ka nemi FC4A, FC5 ko feda mai makunnin juyawa.

Mai kiɗan da ke bin salon Larabawa, duka biyun suna da ma'aunin Arabic kuma suna barin ka saita naka, ka sauke E da B da santi 50, wato rabin tazarar da ke tsakanin maɓalli da na kusa da shi.

A dandali MODX ya yi gaba: Live Set na jera maka haɗi 16 a shafi ɗaya, kuma in Performance bai wuce Part huɗu ba, sautin baya ba ya yankewa in ka sauya. A Krome sai ka adana haɗinka a jere bisa tsarin waƙoƙi, ka sa fedar ƙafa a Program Up. Ko wanne ka riƙe, danna STORE ko Write Combination tun kana tsakar aiki, don in an ɗauke wuta abin da ba ka adana ba ya tafi. Ka kuma ajiye kwafi a waje: X8A a filash, PCG a katin SD.

Ga buƙatar da ka faɗa, MODX muke ba ka shawara. Krome ya fi dacewa da wanda zai zauna ya gina waƙa gaba ɗaya cikin sikwensarsa, wato wurin ɗaukar kiɗa layi-layi, mai layi 16, kuma yana da haƙurin raba ifek biyar ɗin nan da hannu. In na hannu za ka saya, kafin ka biya ka buɗe shafin Key Zone ko Note Limit ka taɓa kusurwoyin allon huɗu, ka bi maɓallai ɗaya bayan ɗaya a hankali da kuma da ƙarfi, domin duk aikin da muka lissafa ta wannan allo ake yinsa.