Wane kamshaf za ka sa wa tsohuwar 504 bayan ka gyara top silinda?

Assalamu alaikum 'yan uwa masu riƙon tsofaffin motoci. Tun da na gama aikin top silinda na Peugeot 504 ɗina mutane ke tare ni, wasu a gareji wasu a ƙofar masallaci, tambayar ɗaya ce, Alhaji wane kamshaf ka saka? To ga amsa, kuma zan faɗi har da wanda ya ci min kuɗi don kada wani ya faɗa ramin da na faɗa.

Injin da nake magana a kai shi ne XN1, mai cc 1971, wanda ke cikin da yawa daga 504 ɗin da aka harhaɗa a Kaduna tun daga 1975, har da wasu 505. Kamshaf ɗinsa ba a saman top yake ba kamar na motocin yanzu, yana can cikin bulok, sarƙa ke juya shi, shi ya tura tafet, tafet ya tura sanda, sanda ta ɗaga roka, roka ya danna bawul. Ƙusumbi takwas gare shi, wato tudun da ke tura tafet, huɗu na bawul ɗin shigar iska da fetur, huɗu na bawul ɗin fitar hayaƙi. Idan ka kai top an kankare shi, an faɗaɗa hanyoyin iska, an gyara mazaunin bawul, to ka buɗe ƙofa ne kawai, kamshaf ne mai cewa ƙofar nan za ta buɗe har ina kuma ta daɗe nawa a buɗe. Abu biyu ke nan, tsawon ɗagawa da daɗewar buɗewa, na biyun da digiri ake auna shi.

Kamshaf na motocin tsere, masu digiri 290 zuwa 300, ku manta da su kawai, a Sakkwato ba su da gida. Sulo ba ya zama, mota sai ta riƙa kakkarwa a go-sulon bakin Babbar Kasuwa, birki ya yi tauri saboda iskar da sabo, wato tukunyar nan mai sauƙaƙa taka birki, ke zuƙa daga injin ta ragu.

Na asali wanda ya zo da motar, in dai ƙusumbinsa bai ci ba, ba abin rainawa ba ne, kuma wanda kuɗinsa suka ƙare a aikin top ya bar shi a ciki ba laifi. Illarsa ɗaya, ba zai bari ka ci moriyar kuɗin da ka zuba duka ba.

Nawa zaɓin shi ne matsakaici, mai digiri 260 zuwa 270, wanda aka fitar daga jikin kamshaf na asali ɗan Faransa a wurin masu injin yankan kamshaf na gaskiya, irin aikin da su Kent Cams da Piper ke yi a Ingila. Wallahi wannan shi ne abokin top ɗin da aka gyara. Yana ƙara ɗaga bawul kaɗan, to a nan ne faɗaɗa hanyar da aka yi take amfani, don iskar ta samu wurin wucewa, amma bai daɗe da bawul a buɗe har ƙarfin ƙasa ya zube ba. Mu ai tuƙinmu tsakanin juyin injin 2000 ne zuwa 4000 a minti, ka ɗauko iyali da buhun gero a but ka kama hanyar Illela ko Gusau, ka zo wuce tirela kana giya ta huɗu, abin da kake so ka taɓa totur mota ta amsa nan take ba sai ka sauko giya ba. Tawa haka take yi yanzu. Da asuba kuma in na tada ta sulo na zaune lafiya lau, za ka ɗan ji muryarta ta yi kauri fiye da da, shi ke nan.

Akwai wani dalilin kuma da ya shafi zafinmu. Kankare top yana ƙara matsi a cikin silinda, mu kuma watan Afrilu zafi na haura digiri 40, ga man fetur ɗin da ba kullum ake dacewa da mai kyau ba. Injin mai matsi da yawa da kamshaf mai ƙarancin digiri shi ne za ka ji yana ƙas-ƙas in ka hau tudu, kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, kuma wannan ƙarar tana cin fistin. Matsakaicin yana ɗan jinkirta rufe bawul ɗin shiga, sai matsin ya ɗan sassauta a ƙananan gudu. Ba wai zai hana ka gyara taimin ko wanke lagireto ba, amma yana taimakawa ƙwarai.

Kafin a rufe injin sai ka tsaya a kan bakanike ya yi abu biyu ko da zai ce ka cika naci. Ya liƙa ɗan laka irin na wasan yara a kan fistin, ya ɗora top da gaskit, ya juya injin da hannu zagaye biyu, ya buɗe ya yanka lakar ya auna kaurin inda bawul ya taɓa. A samu aƙalla milimita 2 a na shiga, 2.5 a na fita. Sannan ya duba sifirin ɗin bawul lokacin da ya danne gaba ɗaya, in zoben suka haɗe da juna ba sauran tazara to sifirin ɗin bai dace da kamshaf ɗin ba. Kuma a tambayi mai yankan nawa za a bar gibin bawul, kada a ɗauka milimita 0.10 da 0.25 na asali za su yi wa kowane kamshaf.

Yanzu ga abin da ya same ni. Kafin in samu matsakaicin nan, wani mai sayar da kayan gyara ya kawo min kamshaf a kwali mai tambarin zaki, an shafe shi da giris an naɗe da takarda, ya ce ɗan waje ne na musamman. Na biya ban ko tsaya aunawa ba. Sati uku muka yi. Ina dawowa daga Tambuwal da yamma sai na fara jin tak-tak-tak daga saman injin, mota ta fara rashin ƙarfi kamar fulogi ɗaya ya mutu. Da muka buɗe washegari, roka na silinda ta uku da ƙyar yake motsi. Bakanikena ya zuba baƙin man a tire ya karkata shi a rana ya ce, Alhaji dubi nan, sai ga shi yana ƙyalli kamar an barbaɗa garin azurfa. Ƙusumbin ya cinye ya koma kusan zagaye. Ashe tsohon kamshaf ne da ya mutu aka cike shi da walda, aka goge da dutse, aka fesa masa baƙin fenti. Garin ƙarfen nan ya bi mai ya shiga ko'ina, sai da na sake metal, na sake famfon mai, aka wanke bulok gaba ɗaya. Raina ya ɓaci matuƙa, don motar nan ta mahaifina ce Allah ya jiƙansa.

Saboda haka ko wa ya kawo maka, ko daga Kano ko Legas ko Kwatano, kada kwali ya ruɗe ka, kwali bugawa ake yi. Ka wanke giris ɗin da fetur a gaban mai shi. Ka kai shi rana ka duba gefen kowane ƙusumbi, walda tana barin ƙananan ramuka kamar na allura da ɗan sauyin launi. Ka goga magagari a gefen ƙusumbin, ƙarfen da aka gasa da kyau magagari zamewa yake yi a kansa, in ya kama ya ci to mayar masa da kayansa. Ka ari ma'auni ka auna tsawon duka takwas, na shiga huɗu su zo ɗaya, na fita huɗu su zo ɗaya. Ka dubi haƙoran da ke juya distiributa da famfon mai, in sun yi kaifi kamar wuƙa sun gama aiki. Wanda ya ce maka na musamman ne ka ce ya ba ka takardar da ke nuna digiri da tsawon ɗagawa, masu aikin gaskiya suna haɗowa da ita. In ya fara kame-kame ka kama gabanka.

Kuma don Allah kada a ɗora sabon kamshaf a kan tsofaffin tafet, kowane tsohon tafet ya riga ya saba da ƙusumbinsa, zai cinye sabon ne. A sa sababbi, a shafe su da man haɗi sosai, a zuba 20W-50 mai kyau daga galan rufaffe, ba na awo a kwalba ba. Da injin ya tashi kada a bar shi a sulo, a riƙe shi tsakanin 2000 da 2500 har minti 20, wani na kallon allurar zafi wani na duba ƙasa ko akwai yoyo, sannan a juye man nan da filta a zuba sabo kafin a fita da ita titi.